Furen da Malam Abdulbaƙi Ya Jira Shekara Goma Sha Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Rajab 1446, daidai da 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaƙi Issoufou, wanda mutanen unguwar Mansur ta Makka suka fi sani da Baƙi Mai Hoto. Ya cika a ɗakinsa, a gaban matarsa Hajiya Zinariya, bayan jinyar shekara uku. Washegari aka sallace shi a Harami bayan azahar, muka raka shi makwancinsa a maƙabartar Shara'i. Ina kan hanyar Jidda da fasinja lokacin da 'yarsa Hadil ta kira ni. Larabci ya fi zama a bakinta, kamar sauran yaranmu da aka haifa a nan, amma ran nan, ban da Ammi, wato kawu, da take kirana, da Hausa ta gaya mini: "Ammi Yunus, Baba ya tafi." Na gangara gefen titi na kashe mota. Fasinjan, wani dattijo mutumin Masar, ya miƙo mini gorar ruwansa.

Sunana Yunusa, mutumin Kano, direban haya a unguwar Shisha. Ni ba marubuci ba ne, kuma akwai waɗanda suka fi ni cancantar yin magana a kan wannan bawan Allah. Amma shekara ashirin da bakwai muna tare, kuma akwai wata magana tsakanina da kai, Malam, da na yi shekara biyu ina riƙe da ita. Kullum sai in ce Juma'a mai zuwa zan faɗa maka, har aka wayi gari ina cikin masu zuba maka ƙasa. Ƙarya na yi maka, kuma da ita na karɓi yafiyarka. Zan faɗe ta a nan gaban jama'a, amma bari in fara da kai kafin in zo kaina.

Mun haɗu a gindin Dutsen Rahama da ke Arfa, ba a lokacin aikin Hajji ba. Na kawo 'yan ziyara, kai kuma kana tsaye da kyamarar nan mai tofo hoto nan take, kusa da wani raƙumi da aka cika wa wuya da tuntaye. Motata ta ƙi tashi, ina ta yi mata faɗa da Hausa, sai ka matso kana dariya ka ce, "Bakano, ko mota ma sai kun yi ciniki da ita?" Ka ajiye kyamara ka tura mini. Tun daga ranar Bakano ya zama sunana a bakinka. In na ji ka ce Yunusa, to na san magana ta yi nauyi.

Daga wani ƙauye kusa da Madawa ka zo Hajji a 1984, kana saurayi, ka ga Makka ka kasa tafiya. Ba ka da iƙama, wato takardar izinin zama. Kowa ya sani, kuma yanzu faɗin haka ba zai cuce ka ba. Wanda ba shi da takarda in ya fita ba ya dawowa, saboda haka shekara arba'in da ɗoriya ba ka sake taka ƙauyenku ba. Rasuwar mahaifiyarka a kaset ka ji ta, wanda wani alhaji ya kawo maka wata biyar bayan an binne ta. Da wayoyi suka kashe sana'ar hoton alhazai, ka koma wani ɗan shago a Mansur kana ɗaukar mutane ƙananan hotunan da ake mannawa a takardu, irin takardun da kai ba ka taɓa riƙewa ba. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi a kan wannan ba.

Hoton furanni kuwa a tudun Nakkasa ya samo asali, can saman gidajenku, inda unguwa ke ƙarewa dutse ya fara. An yi ruwa wata shekara, ka hau neman akuyar maƙwabcinka, ka dawo ba akuya, idonka jawur. Ka ce mini, "Na ga filasko, Bakano. Irin na bayan ɗakin innata, da hurenai rawaya, ba abin da ya raba su." Fim ɗin da ka tanada don masu ziyara, duk a kan filaskon nan ka ƙarar da shi. Na ce maka ciyawa ba ta biyan kuɗin hoto. Ka ce ai ni ɗan birni ne, alayyahu ma sai a miya na san shi. Gaskiyarka ce kuwa.

Daga nan duwatsun Makka suka shiga uku da kai. Duk ranar da hadari ya sauke, kwana goma bayansa kana kan dutse da sanda da gora da kyamara a wuya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda kake yi da hotunan in an wanke su. Ba littafi kake buɗewa ba. Wurin Hajiya Ummulkhairi kake kai su, tsohuwar nan mai waina a Mansur, inda tsofaffin mata ke zaman hantsi. Sai hoto ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu, yana kwasar mai, ana musu. Basakkwata ta ce ga sunansa, Badamagariya ta ce ƙarya ne, Bakatsiniya ta ce da shi kakarta ke yi musu maganin shawara. Kai kana tsugune da alƙalami, sai an daidaita ka juya bayan hoton ka rubuta da ajami: sunan tsiron, dutsen da ka same shi, watan da ya yi fure, da sunan tsohuwar da ta gane shi. Haka ka tara tsaida da tumfafiya da nobe da bagaruwa da gunar daji da wasu da yawa da ban riƙe ba. Na ga tsohuwar da ta karɓi hoton tsaida, ƙayar da ta sha soke ta tana yarinya, ta ɗora shi a ƙirji tana kuka. Ka bar mata shi, kamar yadda ka bar wa duk wadda ta riƙe hoto ta kasa sakinsa.

Duk wanda ya zauna a Makka ya san cewa a cikin iyakar Harami ba a cire tsiron da ya fito da kansa, ba a kuma firgita dabbar daji. Yawancinmu mun san wannan da ka kawai, don ba mu da abin cirewa a kan kwalta. Kai a ƙafarka hukuncin yake. In muna hawa, ba gabanka kake kallo ba, inda za ka sa ƙafa kake kallo. Kakan ce hoto ne kaɗai tsinkar da aka halatta maka. Wata rana muna bayan Dutsen Saur, rana ta take, harshena ya bushe, muka hango inuwa ɗaya tak a ƙarƙashin wani falalen dutse. Na nufe ta da sauri, ka riƙo rigata. Ashe makwarwa ce a ciki da 'ya'yanta shida. Ka ce, "Sun riga mu." Muka zauna a rana kusan awa guda, ina zufa ina tsine wa ranar da na san ka a cikin zuciyata, kai kuwa kana kwance rub da ciki kana ɗaukar su. Sai da suka ga dama suka tashi muka shiga.

Haƙurinka da dabbobi ya wuce hankalina. Rema, wadda Larabawa ke ce wa wabar, ba ta yarda da mutum, amma na ga ka zauna tun fitowar rana ba motsi har ta fito ta yi miƙa a gabanka kamar kyanwar gida. Sau ɗaya a shekara nakan ɗauke ka mu hau hanyar Hada, inda duwatsu suka fi sanyi da tsirrai. In mun doshi shingen bincike gabana ya yi ta faɗuwa saboda kai, kai kuwa kana gyangyaɗi abinka. A can ne wani ƙaton biri ya fizge ledar gurasarmu ta tamis daga hannuna. Ina ihu ina neman dutsen jifa, kai kana ta danna kyamara. Bayan mako guda ka kawo mini hoton, birin ya cika kumatu, ka rubuta a baya: "Ɗan'uwan Bakano, a bakin kasuwancinsa." Yana nan a cikin motata har yau.

Ba zan manta da abin da ka yi wa mutanen Nakkasa ba. Da aikin sabunta gari ya kai ga layinku, aka shafa wa gidaje alamar tashi, kowa ya shiga ɗaure kaya da neman inda zai sa kansa. Kai ma gidanka na ciki. Amma ka bar Hajiya Zinariya da ɗaurin kaya, ka bi layin ƙofa ƙofa kana ɗaukar hoton kowace ƙofa, da matakalar da ake hawa zuwa gare ta, da tukunyar na'ana'ar da ke bakinta. Mutane suka ce Baƙi ya zautu. Yau ka shiga gidajen waɗanda aka tasa, a Mansur ko a Shisha ko a bayan gari, za ka ga ƙofar nan a bango cikin gilashi. Ko sisi ba ka karɓa ba.

Yanzu na zo kan maganar. A cikin hotunanka akwai tsiro ɗaya da ya gagari majalisar Hajiya Ummulkhairi. Ka same shi a 2012 a wata tsaga ta dutse, a gangaren da ke bayan Saur, tafiyar awa ɗaya da rabi daga inda mota ke tsayawa. 'Yar shuka ce da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ganyenta toka-toka mai gashi, ƙanana kamar kunnen ɓera. Ka zaga duwatsun nan kaf ba ka ga irinta ba. Tsofaffi suka juya hoton suka sake juyawa, Hajiya Ummulkhairi ta goge hannu a zani ta ce, "Wannan ba tamu ba ce, Baƙi. 'Yar gari ce." Sunan ya bi ta. Kakan ce a cikinmu duka 'Yar Gari ce kaɗai ba a tambaya takarda.

Ba kowace shekara take fure ba, sai an yi ruwa mai yawa, kuma da safe furen ke buɗewa, kafin azahar ya rufe, kwana biyu ya kaɗe. Sau uku tana yi kana rasawa. Na farko ya faɗo a tsakiyar aikin Hajji, lokacin da bincike ke tsananta, irinku ba sa fita ko bakin layi. Da ka samu hawa sai busassun furanni ka tarar a ƙasa. Na biyu ranar ɗaurin auren ɗanka Sufyan ne. Na uku ka isa rana ta yi, ka tarar ya tsuke baki, ɗan shuɗi kawai ke leƙowa, washegari kuma iska ta riga ka. Kana da hoton ganyenta, da na tohonta, da na busasshen furenta, fiye da ɗari. Buɗaɗɗen furen ne ba ka taɓa gani ba, kuma shi kaɗai na taɓa jin ka ce kana roƙon Allah Ya nuna maka a cikin abin duniya.

Sai ciwon sukari ya ci ƙafarka, aka yanke ta daga gwiwa, hawan bene ma ya gagara balle dutse. Shekara guda bayan haka, a sanyin 1444, aka yi ruwan nan da kowa ke tunawa, wanda duwatsun Makka suka yi kore shar har mutane na tsayar da mota suna kallo. Kana kwance kana jin ƙamshin ƙasa ta taga, kana lissafin kwanaki da yatsu. Ranar da lissafinka ya cika ka aika aka kira ni. Ka ciro kyamarar da Sufyan ya saya maka, ka rataya mini a wuya da hannunka, ka nuna mini inda ake dannawa sau uku kamar kana koya wa yaro alwala. Ka ce, "Gobe za ta buɗe. Ka kama hanya daga sallame asuba. Shuwayya shuwayya, Bakano, kada ka yi mata gaggawa."

Na hau. Jim kaɗan bayan fitowar rana na isa tsagar, kuma ga ta nan, ta buɗe. Fure uku ne, kowanne da ganye biyar, shuɗi irin na baba sabon rini, cikinsa rawaya, raɓa na kwance a kai. Ni da ban san bambancin nobe da ciyawar doki ba, ni Allah Ya nuna wa abin da ka yi shekara goma sha ɗaya kana jira. Na durƙusa na fara dannawa. Na manta tabarauna a mota, numfashina bai dawo ba saboda hawan. Na duba abin da na ɗauka, ban ga komai ba sai shuɗin dusu-dusu. Na sake, na sake, na taɓa wani maɓalli da ba ka nuna mini ba, komai ya ƙara lalacewa. Rana na ɗagawa, ina ganin gefen furen farko ya fara naɗewa.

A nan shaiɗan ya zo mini da siffar tausayi. Na ce a raina, mutumin nan ba zai sake hawa dutse ba, wata shekarar ma wa ya san ko yana raye, me zai hana in kai masa ita ya gani da idonsa, ya ɗauka da hannunsa? Wallahi hukuncin Harami bai ko gifta mini ba, ni da na yi shekaru ina kallon inda kake sa ƙafa. Na sa mabuɗin mota na tona gefenta, na ja. Saiwar ta yi nisa cikin tsagar, na ji ta tsinke. Na zuba ƙasa a gwangwanin madarar da nake shan shayi da shi, na dasa ta, na gangaro da gudu ina murna.

Kafin in fito daga cunkoson hanya zuwa Mansur, furannin uku sun rufe sun langaɓe. Duk da haka na hau bene na shiga da gwangwani a hannu ina cewa, "Malam, ga amaryarka na kawo maka har gida." Ka ɗago kai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ka daɗe kana kallon gwangwanin, sannan ka ce a hankali, "Yunusa. Mi kay yi?" Na fara bayani, tabarau, rana, maɓalli. Ba ka ji ba. Ka ce, "Shekara nawa tana wurinta ba ta tsare ma kowa komi ba. Mu da munka san abin da ake ji in an tashe ka daga wurinka, mu za mu yi mata haka? Cikin Harami?" Na miƙa maka kyamara na ce ko a hakan ka ɗauka. Ka kau da kai, hawaye na bin gemunka. Ka ce, "Ba ni ɗaukar gawa. Mai da ta inda Allah Ya aje ta. In ta rayu, na yahe ma."

A ranar na koma, cikin zafin azahar, na mayar da ita tsagarta, na tattara ƙasa na danna, na zuba mata ruwan gorata. Na yi istigfari iya iyawata. Juma'ar farko na tarar ganyen ya yi laushi. Ta biyu ya fara zuba. Ta uku na tarar da ɗan busasshen kara, na taɓa shi ya karye a hannuna. 'Yar Gari ta mutu, Malam. Tun mako na uku ta mutu, ni na kashe ta, kuma ban ga wata irinta ba har yau. Ranar da la'asar na zo gaishe ka, ka tambaye ni, "Tana nan?" Na tuna sharaɗinka, na kalli ƙafarka guda a kan katifa, bakina ya ce, "Tana nan." Ka yi ajiyar zuciya ka ce, "Alhamdu lillahi. Zamna, Bakano." Sunana ya dawo, kuma na san ban cancance shi ba.

Shekara biyu muka yi a haka. Kowace Juma'a daga sallar asuba in ɗauki galan na ruwa in hau, in zuba a tsagar, don wani mai aikin lambu ya ce mini wata saiwar takan farfaɗo ko bayan shekaru. In sauko in yi wanka in tafi masallaci, da la'asar in zo wurinka. Tambayarka ɗaya ce, amsata ɗaya ce, sai mu wuce da sauri zuwa sauran labari. Ka tambaye ni ko remar nan mai tsagaggen kunne tana nan, ko makwarwa ta yi ƙwai, ko filaskon bakin kwazazzabo ya yi fure, wane launi ƙadangaru suka yi. Dole ta sa na koyi kallo, don kada in zo maka hannu rabbana. Ka lumshe ido kana saurare, wani lokaci ka gyara mini suna. Ina jin daɗin zaman nan, kuma ina fita daga ɗakin kamar wanda ya ci amanar maraya.

Mako guda kafin rasuwarka aka sake yin ruwa mai ƙarfi. Juma'ar da ta biyo baya na hau da wani irin fata, na tona tsagar da yatsa ko zan ga ɗan kore. Babu komai. Na sauko da niyyar yau sai na faɗa. Na tarar jikinka ya yi nauyi, magana da ƙyar. Ka kama hannuna, ba ka ma yi tambayar ba. Ni kuma na ga rashin tambayar ya ba ni mafita, na ce a raina sai Juma'a mai zuwa in ka ji sauƙi. Ranar Talata Hadil ta kira.

Bayan an tashi daga zaman makoki na kwana uku, na je da safe na yi sallama a ƙofar Hajiya Zinariya. Tana takaba, saboda haka ta bayan labule muka yi magana. Na ce, "Hajiya, akwai haƙƙin Malam a kaina, ban san inda zan kai shi ba sai wurinki." Ta ce, "Shukar nan ce, ko? Ta mutu." Na zauna a kan matakala. Ta ce, "Ma'alesh, ba komai, Malam Yunusa, ai ya sani. Tun ranar da ka fara ce mishi tana nan. Kana fita ya ce mini, Bakano bai iya ƙarya ba, takalminsa yake kallo." Na ce to me ya hana shi faɗa mini, shekara biyu? Ta ce, "Na tambaye shi. Ya ce in ya nuna ya sani, kunya za ta hana ka hawa, ta hana ka zuwa, shi kuma ba shi da mai kawo mishi dutse ɗaki sai kai." Na ji tana share hanci. Sannan ta ce, "Ya bar maka saƙo ranar Lahadi. Ya ce a ce maka ya yafe tun kafin ka kai ƙasan bene da gwangwanin nan, sharaɗin da ya sa ɓacin rai ne, kuma kai ma ka yafe mishi da ya bar ka da shi. Ya ce kuma, halas, ya isa haka, ka daina kai wa dutse ruwa, gwiwarka ba ta yaro ba ce."

Sai a kan matakalar nan na lura da abin da ya kamata in lura da shi tuntuni. Kai da ba ka yarda da labarin tsiro sai ka ga hotonsa, kyamararka tana wurina shekara biyu, ba ka taɓa ce mini in nuna maka hoton 'Yar Gari ba, ko sau ɗaya. Ina zaton ni nake rufa maka baƙin ciki, ashe kai kake rufa mini asiri. Na yafe maka, Malam, in ma akwai abin yafewa. Na yi kewarka fiye da yadda zan iya rubutawa.

Ya Allah, ga bawanKa Abdulbaƙi ya zo maƙwabtakar ƊakinKa yana saurayi, ya tsufa a cikinta, bai tsinke ganye ɗaya a HaraminKa ba, bai tashi tsuntsu daga inuwa ba. Ka jiƙansa, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanya ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba shi gidan da ba a tashin kowa daga cikinsa, Ka haɗa shi da mahaifiyarsa a Aljannar Firdausi. Ni kuma Ka yafe mini ɓarnar da na yi a wuri mai alfarma, da ƙaryar da na ɗora a kanta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Zinariya, Allah Ya ba ki haƙuri da ladan jinya, Ya sa ki fita takaba lafiya. Ga Sufyan da Hadil, Allah Ya albarkaci bayansa, ku riƙe akwatunan hotunan nan da kyau, ku nemi mai karanta muku ajamin da ke bayansu tun tsofaffin na raye. Ga Hajiya Ummulkhairi da majalisarta, da mutanen Nakkasa duk inda suka watsu, da danginsa na Madawa waɗanda ba su san fuskarsa da furfura ba, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen.

Saƙonka ya iso, Malam, na ji duka, na kuma karɓi yafiyar da hannu biyu. Maganar ruwa ce kawai za ka ƙara haƙuri da ni. Juma'ar nan ma na kai.